Horon Dawaki a Birnin Kano

Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kanajeji, 1390 zuwa 1410, aka fara sa wa dawaki lifidi. To, doki ba ya yarda da wannan nauyi sai an hore shi. Aikin 'yan barga ke nan, a Gidan Rumfa kuwa Shamaki ne shugabansu. Waɗansu da bulala da linzami mai kaifi suke horo. Gwanaye kuwa sukan shafa wuyan doki, su ba shi dusa in ya bi umarni. A 1951 wani masanin Amurka, Skinner, ya bayyana dalili, ya ce dabba takan maimaita abin da ya jawo mata lada nan take. Dokin da tsoro ya hora kuwa, ran Hawan Salla yakan ka da ubangijinsa.