Alhakin Malami a Kan Baligin Ɗalibin da Gwiwarsa Ta Yi Sanyi

Duk malamin da ya taɓa riƙe ajin yamma na masu shirin sake rubuta Turanci a WAEC ko NECO ya san wannan ɗalibi. Magidanci ne ko matar aure, da guminsa ya biya kuɗin darasi, amma kullum a makare yake zuwa, ya raɓe a kujerar baya, aikin gida kuwa sai dai uzuri. Hukuncin da malamai suka saba yankewa shi ne: babba ne, shi ya kawo kansa, in ya faɗi shi ya jiyo. A ganina an yi gaggawar yanke wannan hukunci.

A littafinsu na 1972, Robert Gardner da Wallace Lambert sun bambance mai koyon harshe don sha'awar masu harshen da mai koyonsa don biyan buƙata. Ɗalibinmu na kashi na biyu ne. Ba Turanci yake so ba, C6 yake nema, domin jami'a ba ta ɗaukar wanda ba shi da kiredit biyar da suka haɗa da Turanci. Buƙatar tana nan daram. Abin da ya mutu shi ne yardarsa cewa zai iya, bayan ya ga D7 ko F9 sau biyu ko uku.

Sai kuma kunya, wadda ba kasafai ake lissafa ta ba. Muna cewa gemu ba ya hana ilimi, amma mai gemun da aka tayar ya karanta sakin layi a gaban sa'o'in 'ya'yansa, harshensa ya sarƙe aka yi dariya, gobe ba za a gan shi ba, sai a ce kasala ce. Malcolm Knowles ya nuna tun 1970 cewa baligi yana koyo ne idan ya ga amfanin abin, aka kuma mutunta abin da ya riga ya sani. Nan alhakin malami yake: ya gano inda ɗalibin ke zubar da maki, ko a taƙaita rubutu ne ko a insha'i, ya fara da wasiƙar neman aiki ko ta ƙorafi da mutumin zai buƙata a rayuwarsa, ya yi gyaran kuskure a keɓe.

Alhakin yana da iyaka. Malami ba zai ƙirƙiro wa mai iyali lokacin karatu ba, kuma wanda ya ɗora wa kansa cewa dole kowa ya ci, ƙarshensa cibiyar satar amsa. Abin da ba a yafe masa ba shi ne ya ci gaba da karɓar kuɗin wata-wata alhali ya san ɗalibin bai shirya ba, ya kuma yi shiru har a rufe rajista. Wanda bai kai ba, a gaya masa da wuri, a cikin sirri, ya jira zagaye na gaba.