Safar Ƙarfe da Rigar Sulke: Inda Kalmomin Yaƙi Suka Samo Asali

Duk wanda ya tsaya kallon hawan salla a Gaya, lokacin da mahaya daga Ajingi da sauran ƙasar masarautar suke shigowa gari, zai iya kiran sunan kusan kowane abu da ke jikin barde da dokinsa: sulke, lifidi, kwalkwali, garkuwa, takobi, mashi. Amma idan ya dubi hannun da ya riƙe linzami, zai gan shi tsirara. Turanci kuwa yana da kalma guda, gauntlet, ga safar hannun da aka lulluɓe da farantan ƙarfe, wadda mayaƙan dawakin Turai suke sawa a da. Wasu masu fassara idan suka ci karo da ita sukan ce Hausa ta gaza. Tarihin kalmar da tarihin makaman ƙasar Kano sun nuna cewa wannan hukunci an yanke shi da gaggawa, domin harshe yakan raɗa suna ne ga abin da masu shi suka taɓa da hannunsu, suka saya, suka gada.

Ita kanta kalmar aro ce. Turawan Ingila sun karɓo ta daga Faransanci, inda gant ke nufin safar hannu, gantelet kuma ƙaramarta. Irin wadda aka ƙera da farantai ta bazu ne a ƙarni na 14, zamanin da mayaƙin Turai ya rufe jikinsa da ƙarfe tun daga ka har ƙafa. Daga nan aka sami al'adar jefa safar a gaban abokin gaba, in ya sunkuya ya ɗauka ya amsa kiran faɗa ke nan. Har a bikin naɗin sarakunan Ingila akwai barde na musamman da yake shiga zauren Westminster a kan doki ya jefa ta, wai ko akwai mai jayayya da sabon sarki, kuma an yi wannan na ƙarshe a 1821 wajen naɗin George na Huɗu. Sai dai kalmar tana da wata ma'ana ta biyu da ba ta haɗa komai da safa ba, wato horon da ake yi wa soja mai laifi a da, a sa shi ya ratsa tsakanin sahu biyu na 'yan uwansa kowa yana zabga masa sanda. Wannan daga harshen Suwidin ta fito, gatlopp, ma'ana gudu a lungu, ta shiga Turanci a ƙarni na 17, zamanin Yaƙin Shekara Talatin na Turai. Kunnen Bature ya ji ta yi kama da wadda ya sani, sai ya haɗe su. Ashe rabin arzikin da ake yaba wa kalmar kuskuren ji ne ya haifar da shi.

A ƙasar Kano labarin kayan kariya yana da ranar farawa. Littafin Tarihin Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce Sarki Kanajeji, da ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwalin ƙarfe, saboda yawan mutanen da ya rasa a yaƙin Umbatu. Wato kusan lokaci ɗaya da Turai take ƙera safarta. Ba kuma za a ce rashin maƙera ne ya hana ba, musamman a wannan yanki, tun da ruwayar baka ta danganta farkon zaman Dala da Abagayawa, maƙeran da suka taso daga Gaya suna neman tama. Mutanen da suka iya narka ƙarfe suka ƙera takobi da linzami da likkafa, faranti ɗan ƙarami na bayan hannu ba zai gagare su ba. Abin da ya bambanta shi ne irin haɗarin da ke fagen daga. Babban abin tsoron mahayin ƙasar Hausa kibiya ce mai dafi, wadda ko ƙwarzane ta yi ta gama aiki, kuma doki ta fi samu saboda girmansa. Shi ya sa hikimar ta tafi ga lifidi, rigar da aka cusa wa auduga aka ɗinke, ta rufe doki da mahayinsa, kibiya ta maƙale a ciki. Ga kuma zafin rani, lokacin da aka fi fita yaƙi, wanda ƙarfe a kan yatsu azaba zai zama.

Mai ja zai ce ai sulken ma yawancinsa ta hamada fatake suka kawo shi daga Masar da sauran ƙasashen Larabawa, amma ya sami suna, don me safa ba ta biyo ayari ba? Amsar tana cikin tambayar. Falke ba ya ɗora wa raƙumi kayan da ba za a saya ba, kuma sulke ya sami suna ne domin sarakuna sun nema, sun raba wa bayinsu da baradensu, har aka sami rukunin 'yan sulke da 'yan lifida a fada. Inda Bahaushe ya ga buƙatar ɗaura wa hannu ɗamara kuwa bai rasa hanya ba. A fagen dambe, wasan da aka san mahauta da shi a lokacin kaka, ana naɗe hannu ɗaya da tsumma da igiya ya yi tauri, ɗayan a bar shi a buɗe yana tare duka, kamar mai riƙe da mashi da garkuwa.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, bindiga ta mayar da waɗannan kaya na ado, amma kalmomin ba su bi su ɗakin ajiya ba, kamar yadda gauntlet ta ci gaba da yawo a jaridun Ingila bayan safar ta koma gidan tarihi. Yau ana cewa mota mai sulke, ana cewa ɗan sanda ya sa rigar sulke, alhali babu zoben ƙarfe ko ɗaya a jikinta. 'Yan siyasa suna ja daga kafin zaɓe. Garkuwa ce ta fi kowacce nisan tafiya: sarauta ce da ake naɗa mutum, likita yana maganar garkuwar jiki, sannan ga ma'anar da ta fi ɗaci a wannan zamani, yin garkuwa da mutane, inda ɗan Adam ya zama abin da ɓarawo yake fakewa a bayansa har a biya fansa. Wanda ya ce harshen da ya yi wa kalma ɗaya wannan juyi matalauci ne, bai saurare shi da kyau ba.

Don haka mai fassara, ko a aji yake ko a ɗakin labarai ko wajen juya fim, ya fara tambayar wace gauntlet ce a gabansa. In kayan yaƙi ne, safar hannu ta ƙarfe ta wadatar. In ta jefawa ce, a ce ya ƙalubalance shi ko ya ja masa daga. In ta ratsa sahu ce, a ce ya sha duka ko suka ta ko'ina, a bar safa daga maganar gaba ɗaya.