Daga Inuwar Ladan Zuwa Agogon Waya: Tarihin Daidaita Lokaci a Dutsin-Ma da Kurfi

Tun kafin agogo ya shigo ƙasar Katsina, sanin lokaci ilmi ne da ake durƙusa a ɗauka gaban malami, domin kuwa salla ba ta inganta sai da shigar lokacinta, azumi kuma yana somawa ne daga fitowar alfijir. A Kurfi da Dutsin-Ma, kamar sauran garuruwan Hausa, ladan ke riƙe da wannan amana. Yakan fita fili idan rana ta take, ya ba ta baya, ya lura da inda inuwar kansa ta tsaya, sa'an nan ya auna ta da tafin ƙafarsa, dunduniya na bin babban yatsa, bisa ƙa'idar da malamai suka ajiye cewa tsawon mutum ƙafa bakwai ne da ƙafarsa. In inuwa ta gama raguwa ta soma ƙaruwa, zawali ya yi, Azahar ta shiga. In kuwa ta kai tsawon mai ita bayan an fid da inuwar zawali, La'asar ke nan, kamar yadda ɗalibai ke karantawa cikin Risala. Wannan ba ƙaramin fanni ba ne a ƙasar da ta haifi Muhammadu al-Katsinawi, masanin hisabi da falaki, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741.

Amma sani shi kaɗai bai wadatar ba, sai an yi shela, musamman a batun ganin wata. Wanda ya ga jinjirin wata ba ya yanke wa jama'a hukunci da kansa, sai ya kai shaidarsa gaban hakimi, Yandaka a Dutsin-Ma, Maradi a Kurfi, a bincika adalcinsa, a aika wa Sarkin Katsina, har labari ya isa ga Sarkin Musulmi, sa'an nan a sanar.

Da Turawa suka zo da jirgin ƙasa da wayar tangaraho, sai buƙata ta taso ta cewa Ikko da Kano su kasance bisa ƙarfe ɗaya. A 1914, shekarar da aka haɗe Kudu da Arewa, aka ɗora agogon Nijeriya rabin sa'a gaba da na Girinwic ta Ingila, kuma abin da zai ƙayatar da mutumin wannan yanki shi ne, Dutsin-Ma da Kurfi suna zaune ne daidai wajen daraja bakwai da rabi gabas da Girinwic, watau lokacin hukuma na waɗannan shekaru kusan shi ne lokacin ranarsu. A ranar 1 ga Satumba 1919 aka mayar da shi sa'a guda cif. Dalili ke nan har yau zawali a Dutsin-Ma yake faɗawa wajen sha biyu da rabi, yana gaba yana baya da kimanin kwata gwargwadon yanayin shekara, kuma duk ladanin da ya san wannan ba ya ruɗuwa da sha biyun agogo.

Rediyo ta ɗauki shelar daga nan. Sashen Hausa na BBC ya soma a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, maigida ya zare agogon hannunsa a zaure ya saita shi da muryar mai karanta labarai.

A yau kuwa kwamfutocin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da na masu shagunan intanet, da wayoyi masu yawa, suna karɓar lokacinsu ne ba tare da an taɓa su ba, galibi ta wata ƙa'ida mai suna NTP, wadda Farfesa David Mills ya wallafa a Amurka a 1985, ya kuma yi mata hidima shekaru masu yawa a Jami'ar Delaware kafin rasuwarsa a Janairun 2024. Tsarinta tamkar isnadin hadisi yake: a sama akwai agogon zarra, na'urar da ta ji daga gare shi ita ce ɗabaƙa ta farko, wadda ta ji daga wannan ita ce ta biyu, kuma kwamfuta ba ta dogara da mai ruwaya guda, takan tambayi da dama, ta lissafa jinkirin hanya, ta watsar da wanda ya saɓa wa jama'a.

Abin da ya fi cancantar yabo, a ganina, shi ne yadda ake fitar da manhajar da ke aiki da ƙa'idar NTP. Rubutunta a buɗe yake, kyauta ne ga kowa, kuma masu kula da ita, ƙarƙashin Gidauniyar Network Time, sun raba ta reshe biyu: tabbatacce, mai lamba 4.2, wanda aka fitar da zubinsa na 4.2.8 a Disambar 2014, da na gwaji, mai lamba 4.3. Duk gyaran da aka yi wa na gwaji sai a ba shi sabuwar lamba, a ajiye shi inda kowa zai ɗauka, tare da bayanin abin da aka canza da alamar tantance cewa ba a gurɓata shi a hanya ba, a kuma yi shela domin masu sa kai su jarraba su nuna aibinsa. Ba a shawartar banki ko asibiti su ɗora aikinsu a kansa, alhali kuwa ɗalibin kwamfuta a Dutsin-Ma yana da cikakken iko ya sauke shi, ya karanta shi layi-layi, ya aika da gyaransa ga masu kula da shi.