Riƙon Yara a Ƙasar Rano: Tsakanin Al'adar Hausawa da Hukuncin Shari'a

Gabatarwa

Rurum tsohon gari ne da ke cikin duwatsun ƙasar Rano, kusa da madatsar ruwa ta Tiga. Rano kuwa ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, ita ce ake wa kirari da Autan Bawo. A wannan yanki, kamar sauran ƙasar Kano, da wuya a sami babban gida da ba a taɓa renon ɗan wani a cikinsa ba. Wannan maƙala za ta bi tarihin riƙo, ta duba inda ya dace da Shari'a da inda ya kauce mata, domin har gobe ana barin marayu, kuma gidajen da suka saba ɗaukarsu sun fara tsukewa.

Tushen hukunci

Manzon Allah (SAW) kansa ya tashi a hannun mariƙa. Halimatus Sa'adiyya ta shayar da shi, kakansa Abdul Muɗɗalibi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, sannan baffansa Abu Ɗalibi. Da fari ya matsa wa Ƙuraishawa, shi ma ya ɗauki Aliyu (RA) zuwa gidansa, Abbas ya ɗauki Ja'afaru, don su rage wa Abu Ɗalibi nauyin iyali. Hadisin Sahlu bn Sa'ad da Bukhari ya ruwaito ya yi wa mai ɗaukar nauyin maraya albishir da maƙwabtakar Annabi a Aljanna.

Abin da Musulunci ya soke shi ne tabanni, wato mayar da ɗan wani naka ta fuskar suna da gado. Larabawa sun kasance suna kiran Zaidu bn Harisa ɗan Muhammadu, har aya ta 4 da ta 5 na Suratul Ahzabi suka sauka da umarnin a jingina kowane yaro ga ubansa. Daga nan ƙa'ida ta zauna: a ciyar da yaro, a tufatar da shi, a tarbiyyantar da shi, amma a bar masa nasabarsa.

Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala da Muhtasar na Halilu da Tuhfatul Hukkami, sun zayyana sauran hukunce-hukuncen. Haƙƙin reno na uwa ne, sai kakar wajen uwa, sai 'yar'uwar uwa, kafin a zo ga dangin uba. Kuma yana ci gaba ga namiji har ya balaga, ga mace har ta tare a gidan miji. Tsintaccen yaro ɗa ne, ba bawa ba. Ɗaukarsa farilla ce a kan jama'a, ciyar da shi kuwa daga baitulmali, in babu sai ya hau kan wanda ya tsince shi.

Riƙo a al'adar Hausawa

Bahaushe yana cewa ɗa na kowa ne, kuma bai jira maraici kafin ya ba da riƙo ba. Kunyar ɗan fari takan sa iyaye su miƙa shi ga kakanni da zarar an yaye shi. Matar da Allah bai ba haihuwa ba akan ba ta 'yar ƙanenta ko 'yar yayarta, ta rene ta har ta yi mata kayan ɗaki. Tsohuwa akan ba ta jika ya riƙa ɗebo mata ruwa yana ɗebe mata kewa. Akwai kuma agola, wanda ya biyo uwarsa gidan sabon miji, da almajirin da uba ya damƙa wa malami amana.

Mafi bayyanar shaida a kan wannan tana cikin labarin Baba ta Karo, wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihinta daga bakinta a tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta reni 'ya'yan dangi, kuma ta yi bayanin yadda ake raba yara tsakanin 'yan'uwa. Gidan Shehu Usmanu ma ya san riƙo: Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta rasa mahaifiyarta Maimuna tana ƙarama, sauran matan Shehu ne suka rene ta, ta zama malamar da muka sani.

Abin lura shi ne ɗan riƙo a ƙasar Hausa bai rasa sunan ubansa ba. Kowa a unguwa ya san ɗan wane ne, kuma ranar aurensa akan nemo waliyyinsa na jini. Ta nan al'ada ta yi daidai da Shari'a. Abin da ya sauƙaƙa ɗaukar wannan nauyi shi ne gandu: rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, don haka ƙarin baki ɗaya ba ya girgiza gida, balle ma yaron zai girma ya zama ƙarin hannu a gona.

Lokutan da marayu suka yawaita

A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, garuruwan kudancin Kano sun sha hare-haren Ningawa, musamman a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi (1855–1882). Ana kashe magidanta a gona, ana kwashe mata da yara. Sai Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1894 tsakanin Tukurawa da Yusufawa ya biyo baya. Babu gidan marayu a wancan zamani. Baffa da kawu da gwaggo su ne suka kwashi waɗanda aka bari.

Zuwan Turawa ya shigo da wani sabon salo. Gwamnatin Lugga ta buɗe gidajen renon 'yantattun yara bayi a Zungeru da Barno a farkon ƙarni na 20, sannan a 1909 'yan mishan suka buɗe nasu a Rumasha, a gaɓar Binuwai. Yawancin yaran da suka shiga waɗannan gidaje an rabo su ne da danginsu ta yadda ba a iya gano asalinsu, kuma waɗanda suka tashi a hannun mishan sun tashi a kan addinin masu renonsu. Darasin a fili yake: yaron da al'ummarsa ba ta riƙe ba, wani zai riƙe shi a kan abin da ya ga dama.

Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda Kanawa suka raɗa wa suna Kakalaba, ta sake tarwatsa gidaje da dama. Bayan shekara sittin, farin farkon shekarun 1970 ya zo daidai da gina madatsar Tiga, wadda gwamnatin Audu Baƙo ta fara a 1971 aka kammala a 1974. Ruwa ya cinye gonaki da ƙauyuka, aka sauya wa mazaunansu matsuguni. Noman rani ya kawo alheri a Kadawa da Kura da Bunkure, amma hada-hadar kuɗi da ci-rani sun ƙara saurin rabuwar gandu. Da kowa ya koma cin gashin kansa, ɗaukar ɗan ɗan'uwa ya zama lissafi.

Inda aka kauce

Ba daidai ba ne a yabi al'ada a rufe ido ga aibinta. Na farko, akan ƙwace yaro daga uwarsa da zarar an yaye shi bayan saki ko mutuwar uba, alhali mazhabarmu ta fifita uwa da danginta a reno matuƙar ba ta yi wani aure da baƙo ga yaron ba. Na biyu, dukiyar maraya: sau da yawa gonar uba takan narke a cikin ta baffa, duk da cewa aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni a miƙa wa maraya dukiyarsa da shaidu idan ya yi hankali, aya ta 10 kuma ta yi narko mai tsanani ga masu cinye ta. Na uku, riƙon sakainar kashi da ake yi wa wasu 'yan mata, inda 'yar gida ke makaranta, 'yar riƙo na talla. Na huɗu, an cika mantawa cewa riƙo kaɗai ba ya mayar da yaro muharrami; shayarwa a cikin shekara biyun farko ce ke yin hakan.

Akwai kuma jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa, wanda baffanninsa ke shamakance shi daga gado. Masar ta magance wannan a 1946 da dokar wasiyya ta dole. Ko ba a kai can ba, ƙofar wasiyya da sulusin dukiya a buɗe take ga kaka da mariƙi, haka nan kyauta a lokacin rayuwa, kuma aya ta 8 ta Nisa'i ta kwaɗaitar a ba marayu wani abu idan sun halarci rabon gado.

Kammalawa

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 20, ta ambaci kafala ta Musulunci a cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyali. A Kano akwai gidan yara na Nassarawa, akwai Hukumar Zakka da Hubusi da aka kafa a 2003, ga kuma dokar kare yara ta 2023. Amma gidan gwamnati ba ya iya ba yaro gwaggo ko kawu. Abin da tarihi ya nuna shi ne gida ya fi dacewa da maraya, muddin an tsare masa suna da dukiya da karatu.

Saboda haka ya kamata limamai da dagatai da masu unguwanni a Rurum da Rano da Kibiya su riƙa rubuta sunan kowane maraya da na mariƙinsa, a ƙididdige abin da aka bar masa a gaban alƙali, a kuma ware wa gidajen da suka ɗauki riƙo kaso daga zakkar hatsi a lokacin kaka. Ɗalibanmu kuwa, akwai aiki a gabansu na tattara labaran tsofaffin mariƙa tun suna raye. Allah Ya ba mu ikon sauke amanar da aka bar mana. Allah ne Mafi sani.