Hari a Teku, Tushe a Tudu: Da Me Za a Auna Tsaron Jiragen Ruwa?

A ranar 12 ga Oktoban 2000, jirgin yaƙin Amurka mai suna USS Cole ya tsaya shan mai a tashar Aden ta ƙasar Yaman. Wani ƙaramin kwale-kwale maƙare da nakiya ya raɓo jikinsa ya tarwatse, sojojin ruwa 17 suka mutu. Bayan shekara biyu, a Oktoban 2002, aka yi wa tankar mai ta Faransa mai suna Limburg irin wannan ɗanyen aiki a gaɓar Yaman ɗin. Ma'aikaci ɗaya ya rasu, ɗanyen mai kusan ganga dubu 90 ya malala cikin teku. Harin Cole ne duniya ta fi tunawa, amma na Limburg ya fi bayyana inda ciwon yake. Tankar ba ta nutse ba. An ja ta, an gyara, ta koma aiki da sabon suna. Abin da ya durƙushe shi ne kasuwancin tashoshin Yaman, domin kamfanonin inshora sun ninka kuɗin da suke karɓa daga duk jirgin da zai doshi can, masu jirage kuma suka karkata zuwa tashoshin maƙwabta.

Hujjar wannan maƙala ita ce, mai kai wa jirgin kasuwanci hari ba ƙarfen jirgin yake nema ba, hanyar da jirgin ke bi yake son kashewa. In haka ne, ƙirga makaman da aka kakkaɓo ko jiragen da aka raka lafiya ba zai nuna ko an yi nasara ba. Ma'aunin shi ne ko jirage sun dawo hanyar, da nawa inshora ke karɓa kafin su bi ta.

Tun farko ma akwai wuyar aunawa, saboda hare-haren ta'addanci a teku ba su da yawa in aka kwatanta da na tudu. Aikin ruwa sai mai ruwa. A Janairun 2000, 'yan Alƙa'ida sun shirya afka wa wani jirgin yaƙin Amurka, The Sullivans, a Aden, sai kwale-kwalensu ya nutse saboda nauyin nakiyar da suka lafta masa. Ba wani jami'in tsaro da ya hana wannan hari. Rashin gwaninta ne ya hana shi. To idan shekara goma ta wuce ba a kai hari ba, wa za a yaba wa? Dokokin da aka kafa, ko wahalar aikin kansa? Hukumomi kan ɗauki shirun a matsayin shaidar ƙwazonsu, alhali shiru ba ya faɗin dalilinsa.

Dubi dokokin su kansu. Sace jirgin fasinja na Italiya, Achille Lauro, a 1985 shi ya haifar da yarjejeniyar Roma ta 1988 kan hukunta masu yi wa jiragen ruwa ta'adi. Bayan harin 11 ga Satumba a Amurka, hukumar kula da sufurin ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da tsarin tsaron jirage da tashoshi da ake kira ISPS, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Yulin 2004. Tsarin ya kawo shinge, da katin shaida, da jami'in tsaro a kowane jirgi, kuma ba za a ce bai yi rana ba. Sai dai ya shafi jiragen da ke tsallaka ƙasashe ne, na fasinja da na kaya daga tan 500 zuwa sama. Harin da ya fi kowanne cin rayuka a teku kuwa, jirgin fito na cikin gida ya faɗa wa: SuperFerry 14, wanda ƙungiyar Abu Sayyaf ta dasa wa bam a cikin akwatin talabijin a Fabrairun 2004 kusa da Manila, mutum 116 suka hallaka. Maharan Mumbai na 2008 ma jirgin masunta suka ƙwace suka ƙaraso da shi gaɓar Indiya. An tsare babbar ƙofa, ɓarawo ya shigo ta taga.

Inda aka ga barazanar ta gushe da gaske, a tudu aka yi maganinta. Shirin Alƙa'ida na teku ya yi sanyi bayan an kama Abdurrahim al-Nashiri, wanda ake zargi da kitsa harin Cole, a Hadaddiyar Daular Larabawa a ƙarshen 2002. Aikin bayanan sirri ne wannan, ba na sintiri ba. 'Yan tawayen Tamil na Siri Lanka, waɗanda babu wata ƙungiya da ta kai su iya yaƙin ruwa, rundunarsu ta teku ta ƙare ne a 2009 lokacin da suka rasa gaɓar da suke ɓoye kwale-kwalensu.

Mai ja zai kawo misalin Somaliya. Fashin teku ya yi ƙamari a can har zuwa 2011, sannan ya faɗi warwas daga 2012 bayan sintirin sojojin ruwa da sanya masu gadi da bindiga a jirage. Gaskiya ne, amma ɗan fashi ɗan kasuwa ne: yana son jirgin da ransa da mutanensa don ya karɓi kuɗin fansa, kuma yana son komawa gida ya ci. Da zarar kasadar ta fi ribar sai ya haƙura. Wanda burinsa ya firgita kasuwa ba ya bukatar hawa jirgin, ba ya ma bukatar ya same shi kowane lokaci.

Bahar Maliya ta gwada wannan a fili. Daga Nuwamban 2023, lokacin da suka sauka da jirgi mai saukar ungulu a kan jirgin Galaxy Leader suka tafi da shi da ma'aikatansa 25, 'yan Huthi na Yaman suka shiga harbin jiragen kasuwanci a mashigin Babul Mandab, suna cewa don Gaza suke yi. Amurka ta sa su a jerin 'yan ta'adda, su kuma suna ɗaukar kansu hukuma ce mai riƙe da Sana'a tun 2014. Ko ma wane suna aka ba su, matuƙan da suka mutu fararen hula ne. Martanin bai yi kaɗan ba. Amurka ta haɗa rundunar ƙawance a Disamban 2023, ita da Birtaniya suka fara luguden wuta a Yaman a Janairun 2024, Tarayyar Turai ta aika tata rundunar a Fabrairu. Jiragen yaƙin sun kakkaɓo makamai masu linzami da jirage marasa matuƙi masu ɗimbin yawa, kuma a ma'aunin soja wannan bajinta ce.

A ma'aunin hanya fa? Manyan kamfanonin kwantena irin su Maersk da Hapag-Lloyd suka koma zagayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu, tafiyar da ke ƙara kwana goma ko fiye tsakanin Asiya da Turai. Kuɗin shigar Masar daga mashigin Suez, wanda ya haura dala biliyan 10 a 2023, ya sauko zuwa kusan biliyan 4 a 2024. Lissafin mai jirgi ba shi ne lissafin kwamandan soja ba. Kwamanda na iya tare tara cikin goma ya ce ya yi nasara. Mai jirgi da mai inshora na goman nan suke kallo, domin shi ne ya nutsar da jirgin Rubymar, shi ne ya kashe mutum uku a jirgin True Confidence a Maris ɗin 2024. Ga kuma tsada: makamin kariya guda na iya cin kusan dala miliyan 2, abin da yake tarewa kuwa wani lokaci bai kai kuɗin mota ba.

Ba ana cewa a janye jiragen yaƙi ba ne. Da babu su, da asarar rayuka ta fi haka, kuma su ne ke ceto matuƙa idan jirgi ya kama da wuta. Abin da ba su iya ba shi ne sauya niyyar mai harbi ko raba shi da gaɓar da yake harbi daga kanta. Hare-haren sun lafa ne a Janairun 2025 da aka tsagaita wuta a Gaza, kuma a watan ne aka saki ma'aikatan Galaxy Leader bayan wata 14 a tsare. Daga Maris zuwa Mayun 2025 Amurka ta sake yin ruwan bama-bamai na makonni, wanda ya ƙare da sulhun da Oman ta shiga tsakani. Sulhun ya kare jiragen Amurka ne kawai. A Yulin shekarar 'yan Huthi suka nutsar da jiragen dakon kaya biyu, Magic Seas da Eternity C, cikin mako guda, kuma a na biyun an rasa rayukan matuƙa.