Takardar Bashi a Kasuwancin Kano

Takardar bashi rubutaccen alkawari ne da wanda ake bi yake ɗauka cewa zai biya kuɗi kaza a rana kaza. Asalinta a Kano Musulunci ne: aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni a rubuta bashi mai ajali, a kuma kafa shaidu. Duk da haka, yawancin cinikin Kasuwar Kurmi a kan amana yake tafiya. Fatoma ya san baƙonsa, dillali ya tsaya wa mai saye, shi ke nan.

Nisa ne ya sa alƙalami ya shigo. Kuɗin ƙarni na 19 wuri ne, wuri kuwa nauyi gare shi. Lokacin da Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, riyal ɗaya na azurfa ya kai wuri 2,500. Ba mai tsallaka Sahara da irin wannan kaya. Saboda haka attajiran Gadamas mazauna birni suka riƙa aika wa wakilansu na Tarabulus wasiƙun Larabci, ana rubuta wanda ake bi da wanda zai biya a madadinsa. Fiƙihu ya san irin wannan takarda da sunan suftaja: a karɓi kuɗinka a nan, a biya ka a wani gari. Malikawa ba su sake jiki da ita ba, domin mai ba da rancen ya tsira daga haɗarin hanya, rance mai jawo amfani kuwa riba ne. Sun ƙyale ta ne kawai idan tsoron hanya ya game ko'ina.

Bayan 1903 Turawan mulki suka zauna a Nassarawa, jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Kamfanoni suka riƙa bai wa manyan dillalai irin su Alhassan Ɗantata kuɗi tun kafin kaka, su kuma su rarraba wa yaransu a ƙauyuka. Ta ɓangaren kamfani akwai sa hannu. Daga nan zuwa gona, sai amana. Ita ma takardar kuɗi alkawari ce: fam ɗin da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a 1959 yana ɗauke da rubutun cewa bankin zai biya adadin da ke jikinsa duk sa'ad da aka nema.

Gwamnati ma ta shiga cin bashi da takarda. Ta fara sayar da takardun lamuni na gajeren wa'adi a 1960, kuma tun shekarar 2000 Ofishin Kula da Basussuka ke tafiyar da harkar. Sai dai takardun suna biyan kuɗin ruwa, abin da ya sa Musulmi da yawa masu kuɗi suka ja baya, tsohuwar tababar nan ta suftaja cikin sabuwar riga. A Satumbar 2017 aka fitar da sukuk na naira biliyan 100 mai wa'adin shekara bakwai. Mai riƙe da irin wannan takarda ba rance ya bayar ba; yana da kaso ne a kadara, ana biyansa haya. Cikin hanyoyi 25 da aka zuba wa kuɗin har da ta Kano zuwa Maiduguri da hanyar da ta kewaye Kano ta yamma.