Sufurin Fasinja Tsakanin Gusau, Tsafe da Bunguɗu: Sauye-sauyen Masu Gudanarwa da na Hanyoyi

Gabatarwa

Mun tanadi wannan bayani ne domin amfanin al'ummar karkara da ke shiga Gusau neman magani, karatu, cinikayya ko wata hidima ta ofis, da kuma jami'an ƙananan hukumomi, hakimai da dagatai waɗanda jama'a kan kai wa kuka idan mota ta daina zuwa garinsu. Babbar hanyar da ta haɗa garuruwan nan uku tana nan inda take, amma hannun da ke riƙe da motocin da ke bin ta ya sauya sau da dama, haka ma lokutan tafiya da wuraren lodi. Sanin wanda ke gudanar da mota shi ke nuna wa fasinja inda zai hau, da wanda ya yanka kuɗin da zai biya, da kuma ofishin da zai nufa idan an samu matsala.

Yadda hanyoyin suke

Gusau, Tsafe da Bunguɗu suna kan babbar hanyar Gwamnatin Tarayya wadda ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa ta nufi Sakkwato. Tsafe tana kudu maso gabas da Gusau, tafiyar kimanin kilomita 50, kuma daga can hanyar ta ratsa Kucheri da Wanzamai ta shiga Jihar Katsina ta Yankara. Bunguɗu kuwa tana ɓangaren Sakkwato, kimanin kilomita 20 daga Gusau, kafin Maru da Talatar Mafara. Daga cikin Gusau akwai hanyar da ta yi arewa zuwa Ƙauran Namoda, da wadda ta yi kudu zuwa Magami da Ɗansadau.

Akwai abu guda da ya kamata a lura da shi. Kwatarkwashi tana kan hanyar Tsafe ne, alhali tana ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu. Saboda haka mutumin Kwatarkwashi da ke da buƙata a sakatariyar ƙaramar hukumarsa sai ya ratsa Gusau, kuma galibi sai ya sauka daga wata mota ya hau wata, ya biya kuɗi sau biyu. Duk wani sauyin wurin lodi a cikin Gusau yakan fi shafar irin waɗannan fasinjoji.

Tarihin masu gudanarwa a taƙaice

Layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa, Tsafe da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, kuma shekaru da dama jirgin ƙasa ne ke ɗaukar mutane da gyaɗa da auduga. Da harkar jirgin ta ja baya, sai nauyin ya koma kan motocin 'yan kasuwa. A 1978 aka kafa Ƙungiyar Direbobi ta Ƙasa, wato NURTW, wadda rassanta ke tsara layi da lodi a tashoshi.

A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin sufurin jama'a na tarayya, wanda ya ƙarfafa wa jihohi gwiwar sayen bas-bas nasu. A lokacin garuruwan nan uku suna cikin Jihar Sakkwato. Ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka ƙirƙiro Jihar Zamfara mai ƙananan hukumomi 14, Gusau ta zama babban birni. Daga nan tafiyar Gusau zuwa Sakkwato ta koma ta tsakanin jiha da jiha, yayin da Tsafe da Bunguɗu suka zama garuruwan da ma'aikata da 'yan kasuwa ke zuwa birni daga cikinsu da safe su koma da yamma.

Bayan fara aiki da Shari'ar Musulunci a Janairun 2000, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, an ware wa mata motocin haya nasu a Gusau, an kuma hana masu babura ɗaukar mata. Daga baya babur mai ƙafa uku, wanda aka fi sani da Keke Napep saboda shirin yaƙi da fatara na tarayya da aka kafa a 2001, ya yaɗu, ya karɓe kaso mai yawa na gajerun tafiye-tafiye a cikin gari da unguwannin gefensa. Buɗe Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013 a kan hanyar Zariya ya ƙara yawan masu hawa da sauka a wannan ɓangare.

Rukunin masu ɗaukar fasinja

Na farko su ne motocin tasha, ƙanana da bas-bas, mallakar ɗaiɗaikun mutane, waɗanda ke lodi bisa layi ƙarƙashin ƙungiya. Ba su da ƙayyadadden lokacin tashi, sai mota ta cika. Reshen ƙungiya ne ke daidaita kuɗin mota, kuma ofishinsa ake zuwa cigiyar kayan da aka manta.

Na biyu su ne motocin gwamnati. Kuɗinsu yakan yi sauƙi, amma yawansu da garuruwan da suke zuwa sukan sauya gwargwadon motocin da ke da lafiya da tsarin gwamnatin da ke kan mulki. Ƙorafi a kansu hukumar da ke kula da su ake kai wa.

Na uku su ne masu lodin gefen hanya, waɗanda ba su shiga tasha. Sukan fi saurin tashi, sai dai ba a rubuta sunan fasinja, kuma da wuya a gano direban idan wani abu ya faru.

Na huɗu su ne 'yan kabu-kabu da a-kori-kura, masu haɗa ƙauyuka da bakin titi, musamman ranakun kasuwa. Da damina, idan hanyar burji ta lalace, sau da yawa su kaɗai ke iya shiga.

Abubuwan da kan sauya hanya ko lokaci

Farashin man fetur. A Janairun 2012 lita ta tashi daga Naira 65 zuwa Naira 141, kafin a mayar da ita Naira 97. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki. A irin wannan yanayi direba yakan rage sawu, ya bar ƙauyen da fasinjansa ba su cika mota, ya koma layin da ya fi ciniki. Ƙananan garuruwa ne ke fara rasa mota.

Matakan tsaro. A Satumban 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, an katse layukan waya a jihar, an rufe kasuwannin mako-mako, an hana safarar dabbobi, an taƙaita sayar da fetur ga Gusau da hedikwatocin ƙananan hukumomi, an kuma hana zirga-zirgar babura da Keke Napep da dare. Rufe kasuwanni ya tsayar da motocin da dama don su suke fita. An sassauta waɗannan matakai daga baya. A 2024 kuma, zamanin Gwamna Dauda Lawal, an ba da umarnin hana wucewar motoci ta iyakokin Yankara da Bimasa daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe. Irin waɗannan umarni na wani lokaci ne, don haka a riƙa tabbatar da wanda ke aiki kafin a kama hanya.

Aikin hanya. Aikin mayar da hanyar Zariya zuwa Sakkwato tagwaye, da gyare-gyaren titunan cikin Gusau, kan sa a karkatar da motoci ko a matsar da wurin tsayawa na ɗan lokaci.

Shawara ga matafiya

Muna ba jama'a shawara su hau mota a tashar da aka sani, su kuma tambayi kuɗi kafin shiga, har da na kaya. Mai zuwa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura ya tambayi inda motar ke sauke fasinja, domin ya tanadi kuɗin keken da zai ƙarasa da shi. A yi sammako, a kuma kammala hidima da wuri don a koma gida da sauran rana. Wanda zai sauya mota a Gusau ya riƙe kuɗin komawa daban. Idan an yi haɗari, ana kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta lamba 122. A cikin gari kuwa jami'an ZAROTA ne ke kula da bin dokokin hanya.

Nauyin da ke kan jami'an ƙananan hukumomi

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa kafa tashoshin mota da kasuwanni, da kula da su, cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Bisa ga haka, duk lokacin da za a matsar da tasha, ko a miƙa layi ga wata ƙungiya ko kamfani, ya dace a zauna da shugabannin direbobi da na 'yan kasuwa tun da wuri, a kuma sanar da fadar sarkin yankin: ta Sarkin Katsinan Gusau, ta 'Yandoton Tsafe, ta Sarkin Fulanin Bunguɗu ko ta Sarkin Kwatarkwashi. Daga nan saƙo zai bi ta hakimai da dagatai zuwa masu unguwanni.

Sanarwa ta ƙunshi abubuwa biyar: ranar da sauyin zai fara, sunan sabon mai gudanarwa, wurin lodi da na sauka, kuɗin mota, da ofishin da za a kai ƙorafi. A bayar da ita ta gidan rediyo, a masallatan Juma'a, da kuma ta bakin sanƙira ranar kasuwa, domin yawancin masu buƙatarta ba su duba allon sanarwa na sakatariya. Haka kuma yana da kyau kowace ƙaramar hukuma ta ajiye rajistar garuruwan da mota ke zuwa da waɗanda ta daina zuwa, tare da dalili, domin da ita za a kafa hujja idan an tashi neman gyaran hanya ko ƙarin motoci daga gwamnatin jiha.

Muna roƙon Allah Ya kai kowa gidansa lafiya, Ya kuma ba jiharmu zaman lafiya mai ɗorewa.